Waya Ta Bakwai

Tun da hantsi Injiniya ya mamaye falon gidan kamar da guminsa aka gina shi.

Kwalaye ya baje a kan kafet, ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur inda kowa zai gani, ya naɗe hannun riga sau biyu kacal don kada gugar ta lalace.

"Wannan ba irin tarkacen kasuwa ba ne, Mama," ya ce yana ƙwanƙwasa kwali da zobensa. "Lasifika shida ne. Biyu a gaba, biyu a baya, ɗaya a tsakiya don magana, ga kuma babbar nan mai gurnani. In na gama haɗa su da wayoyin bangon nan, jirgi ya tashi a talabijin sai kin sunkuya."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji Mama, bakinta har kunne.

Auta tana tsaye a bakin ƙofar kicin, hannu a harɗe, tana kallonsa yadda ake kallon ƙudan da ya faɗa kofin shayi.

Shi ne mijin da Mama da Yaya, babbar 'yar gidan, suka zaɓa mata. Ɗan abokin Baba ne. Ba wanda ya taɓa ganin takardar da ta mai da shi injiniya, shi ya raɗa wa kansa sunan, mutane suka bi saboda motar. Yau bayan la'asar mahaifinsa da kawunsa za su zo jin maganar ƙarshe daga bakin Baba. Shi kuwa Baba tsohon shugaban makaranta ne, magana ɗaya yake yi. In ya ce ya bayar, ya bayar ke nan.

Auta ba yarinya ba ce. Shekararta ashirin da bakwai, tana aiki a ɗakin magani na asibiti, ba mai ɗaure ta da igiya. Sai dai wata takwas na kukan Mama sun ci ƙarfinta, har ranar nan ta durƙusa ta ce wa Baba duk abin da ya yanke za ta bi. Ta faɗa da bakinta. Yanzu bakin nan nata take jin kamar ta cije shi.

"Kin ga maza, Auta?" Yaya ta ce daga kan kujera, tana kaɗa ƙafa. "Wani kyautar falo guda yake kawowa. Wani kuwa ba abin da ya taɓa shigowa da shi gidan nan sai ƙurar siminti."

Auta ta kawar da kai. Ta san wanda ake nufi.

Mai Waya suke ce masa, in an so a ci masa fuska a ce ɗan haƙa bango. Shi ya ja wayoyin sautin gidan nan a cikin bango shekara biyu da suka wuce, tun ginin bai ga fenti ba. A nan suka saba. Ranar da Mama ta gane abin da ke tsakaninsu, ranar aka haramta masa ko inuwar ƙofar gidan.

Injiniya ya ja teburin talabijin, ya leƙa baya, sai fara'arsa ta ɗan rage.

Damin wayoyi ne ya fito daga rami guda a bango, duk fari fat, fenti ya shafe su. Ba ja, ba baƙi, ba lamba.

"Wane irin aikin jahilci ne wannan? Mutum ya binne waya bai sa alama ba?"

"Ya sa," in ji Auta. "Kowace da salatif da lambarta. Yaya ce ta sa masu fenti suka yage, wai sun ɓata mata ido."

"Ke, ba da ke ake ba," Yaya ta ce da sauri. "Ji ta, lauyan leburori."

Injiniya ya bi bango yana ƙirga ramukan da wayoyin suke leƙowa. Biyu gaba, tsakiya, lungu, biyu baya. Shida. Sai ga wani can ƙasa, dab da hannun dama na kujerar Baba, waya ta leƙo kamar wutsiyar ɓera.

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Mama, zo ki ga abin mamaki! Lasifika shida, rami bakwai. Surukin da aka so a kawo miki ko ƙirge bai iya ba."

Mama ta tafa hannu. Yaya ta kwanta a kan kujera don dariya.

Ya karɓi almakashin ɗinkin Mama, ya datse wayar dab da bango, ya tura guntun ciki da yatsa.

Auta ta ji kamar a jikinta aka datsa.

*

Azahar ta yi, ta wuce, Injiniya yana nan a durƙushe bayan talabijin, gumi ya zana masa taswira a bayan riga.

Duk wayar da hannunsa ya kai, ita yake cusawa a duk ramin na'urar da ya gani. Daga ƙarshe ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce a kira Baba.

Baba ya shigo a hankali da tabarau a goshi, ya zauna a kujerarsa. Injiniya ya yi wuf ya zauna a gefensa na hagu, inda ya saba zama, ya shiga zuba bayani. Baba yana gyaɗa kai, yana cewa, "Haka ne, haka ne."

Auta ta kawar da ido.

Kowa a gidan ya san kunnen Baba na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman ma lallaɓawa yake. Amma ba mai faɗa. Ƙaninsa da ya taɓa cewa, "Yaya, ko za a duba kunnen nan?" shekara guda cur Baba bai amsa sallamarsa ba. Kullum ƙarfe huɗu zai zauna gaban labarai, ya zuba wa bakin mai karantawa ido, in an gama ya kira Auta ya ce, "Gyangyaɗi ya ɗan ɗauke ni, me suka ce?" Ita kuma ta zauna ta damansa ta maimaita masa, su duka biyun suna yin kamar sun yarda da gyangyaɗin.

Injiniya ya danna rimot.

Wani mutum a talabijin ya buɗe baki a gaba, muryarsa ta fito daga bayan ƙeyar Yaya.

"Wayyo!" Ta yi tsalle ta zubar da kofin ruwa a cinyarta.

Mota ta wuce ta dama a hoto, ƙararta ta bi ta hagu. Babbar mai gurnanin ko tari ba ta yi ba. Kiɗan da ya biyo baya siriri ne kamar ana kaɗa cokali a gwangwani. Injiniya ya ƙara murya, ya ƙara, har gilashin taga ya fara rawa. Sai na'urar ta yi ƙyas, ta ɗauke gaba ɗaya.

Shiru.

"Ya yi kyau," in ji Baba, don bai san abin da ya faru ba. Ya tashi ya koma ɗakinsa.

Injiniya ya share goshi. "Matsalar ba daga kayana ba ce. Wayoyin cikin bangon ne ruɓaɓɓu. Wancan ɗan tsinannen ya cuce ku, Mama. Sai an fasa bangon nan kaf an sake."

"A fasa bango? Yau da baƙi za su zo?"

Mama ta dubi bangon. Sai Auta ta ga wani murmushi ya tsirgo mata a gefen baki, irin wanda ta fi tsoro.

"A'a, ba za a fasa ba. A kira shi. Ya zo ya tsaya a gaban mutane ya yi bayanin ɓarnar da ya yi mana. Wata ta gani da idonta."

*

A kicin Auta ta tare ta.

"Mama, don Allah kada ki yi haka. Kin hana shi gidan nan, ya hanu. Bai taɓa ɗaga ido ya kalle ki ba. Me ya rage kuma da sai kin tozarta shi?"

"Abin da ya rage yana cikin ƙirjinki, shi nake son in cire."

"Ai na ce zan bi maganar Baba."

"Da baki kika ce. Idonki fa? Kina kallon yaron mutane kamar ya ci miki abinci." Mama ta aje ludayi da ƙarfi. "Ni na haife ki, na yi rainonki, na kai ki makaranta har kika sa farar riga. Sannan in miƙa ki ga mutumin da yake yini a kan tsani kamar ƙadangare? In ƙawayena suka tambaye ni aikin surukina in ce me? Yana huda bangon mutane?"

Hawaye suka ɓalle wa Auta.

"Ki ce musu mutum ne, Mama. Ki ce bai taɓa yi min ƙarya ba. Wancan na falo tun safe ƙarya yake zuba miki, kina sa masa albarka."

"Rufe min baki! Ƙaryar mai mota ta fi min gaskiyar mai tsani." Ita ma Mama idonta ya ciko, ta goge da bakin mayafi. "Ba ki san wahala ba, Auta. Ni na santa. Ɗaki ɗaya muka fara da ubanki, ruwan sama yana zuba a kan katifa. Ba zan ga kin koma can ba ina raye."

"Ai kin zauna da shi a hakan. Kin yi nadama?"

Mama ta kawar da kai. Sai ta miƙa mata wayar hannu.

"Kira shi. Da muryarki zai fi saurin zuwa."

*

Uku da kwata ya iso a kan tsohon babur ɗinsa, jakar aiki a kafaɗa. Ya rame. Auta ta tare shi a tsakanin ƙofar gida da ta falo, inda labule ya kare su.

Wata takwas ba su tsaya kusa haka ba.

"Gwani, ka koma," ta ce, da sunan da ita kaɗai take kiransa. "Tarko ne. Wulaƙanta ka za su yi."

"Na sani. Na ji a muryarki."

"To me ya kawo ka?"

"Aikina ne a cikin bangon nan. An ce ya ruɓe, ai dole in zo in gaishe shi."

"Har yanzu wasa kake yi? Yau za a ba da ni!" Ta toshe baki da hannu, kuka ya ƙwace mata. "Sun yi ta dariya wai ba ka iya ƙirge ba. Wai rami bakwai ka yi. Ya datse ta bakwai ɗin da almakashi. Gwani, kai ba ka kuskure a aiki, na sani. Ta mece ce?"

Ya dubi takalminsa.

"Lokacin da ake ginin, Baba yakan zo ya tsaya a wuri guda ya ce nan kujerarsa za ta zauna. In na yi masa magana ta hagu, sai ya ci gaba da kallon siling. In na zagayo ta dama, sai ya amsa. Sau uku na gwada, ban ƙara ba." Ya buɗe jakar, ya nuna mata wani ɗan akwatin katako, bai fi tafin hannu biyu ba, an goge shi sumul, da ɗan maɓalli a gefe. "Ta wannan ce. Muryar masu magana kaɗai za ta riƙa kawo masa, dab da kunnen da ke ji. Ni na haɗa ta. Na ajiye ne sai ranar da za a bar ni in shigo gaishe shi."

Auta ta kama hannun jakar da hannu biyu.

"Ka faɗa! Ka faɗa a gabansu! Wallahi in Baba ya ji wannan..."

"A gaban baƙi? In ce wa mutumin da ya yi shekaru yana ɓoye abu, ga abin da kake ɓoyewa?"

"To ni fa? Ni ba ka tausayina? Za ka bar su su tafi da ni don kada ran Baba ya ɓaci?"

"Auta, in sai na tsiraita mahaifinki zan same ki, da wane ido zan riƙa gaishe shi?"

"Kai dai ba ka so na kamar yadda nake son ka."

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"Shekara biyu akwatin nan yana jakata. Kullum sai na ciro shi kafin hannuna ya kai ga kayan aiki, in sake mayar da shi."

Ƙarar mota ta tsaya a waje. Baƙin sun riga lokaci.

*

Falon ya cika da turare da manyan riguna. Mahaifin Injiniya da kawunsa sun zauna a doguwar kujera, Baba yana tasa, Injiniya a hagunsa. Mai Waya ya shigo ya durƙusa ya gaida kowa. Kawun ne kaɗai ya amsa, shi ma da hanci.

"Yawwa, ga gwanin," in ji Injiniya. "Malam, wayoyinka sun kusa ƙona min kaya."

"A yi haƙuri, bari in duba."

"Ka cire takalmi dai tukuna," Yaya ta ce daga bakin labule.

"Na cire a waje, Yaya."

"Oh. Ashe ƙafar ce haka."

Aka yi 'yar dariya. Auta ta ji kunnuwanta suna zafi.

Mai Waya ya ajiye jakarsa. Ya durƙusa bayan talabijin, ya zare duk wayoyin daga na'urar. Ya ɗaga guda biyu da silin tagullarsu ya barbaje ya taɓa juna, ya dube su, ya dubi Injiniya, ya ajiye bai tona cewa su suka sa na'urar ta ɗauke ba. Ya yanke bakin kowace, ya feƙe sabo, ya murɗe silin tsaf. Sannan ya zaga ya cire murfin fuskar kowace lasifika, ya dawo, ya laluba aljihu.

Ɗan batir ya ciro, irin na rimot.

Injiniya ya kece da dariya. "Jama'a ku ga kayan aiki! Ni na zo da littafin kamfani shafi tamanin, shi ya zo da batirin tocila."

"Ina son wanda zai tsaya ya duba min takardar nan mai motsi a fuskar lasifikar," in ji Mai Waya a hankali. "In na taɓa, a gaya min wacce ta yi ƙara, kuma ta fito ne ko ta shige."

Ba wanda ya motsa.

Auta ta fito daga bayan labule.

Mama ta watsa mata kallon da zai iya dafa ƙwai. Ba ta tsaya ba.

Ya ɗora bakin waya biyu a kan batirin. Ɗas! Ƙarar ta fito daga can baya.

"Ta baya, hagu," in ji Auta.

"Ta fito ko ta shige?"

"Sake." Ɗas. "Ta shige."

Ya juya wayoyin. Ɗas.

"Ta fito."

Ya naɗa jan salatif a silin da ke kan batirin, ya rubuta lamba, ya ɗauki ta gaba. Ɗas. Ta gaba, dama. Ɗas. Ta tsakiya. Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya, shi yana tambaya, ita tana amsawa, ba wanda ya kalli wani. Wata takwas ba su yi hira mai daɗin wannan ba.

Minti goma sha biyar, shida sun samu suna. Ya mayar da kowace gurbinta, ja a ja, baƙi a baƙi. Ya kunna.

Kiɗa ya cika falon, mai kauri, mai taushi. Babbar ta yi gurnani har ruwan kofin kawu ya motsa.

"Kai!" in ji kawun, bai san ya faɗa ba.

Fuskar Injiniya ta yi kamar an mare shi da rigar wanki. Ya waiga neman abin kamawa, sai idonsa ya faɗa kan wayar da ta rage a hannun Mai Waya.

"To, malam gwani, wannan fa? Lasifika shida, waya bakwai. Gaya wa manya ta mece ce. Ko ta shanya ce?"

 Auta ta zuba masa ido, tana roƙonsa ba da baki ba. Ka faɗa. Don Allah ka faɗa.

Mai Waya ya dubi Baba, wanda ke bin bakunan mutane da ido yana murmushin da bai san dalilinsa ba. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Kuskurena ne."

"Me ka ce? Ɗaga murya!"

"Na ce kuskurena ne. Ban ƙirga daidai ba."

Dariya ta tashi. Yaya har da guɗa ƙasa-ƙasa. Mahaifin Injiniya ya girgiza kai ya ce yaran yanzu sai a hankali. Mama ta dubi Auta, kallon da ke cewa kin gani ko.

Auta ta jingina da bango.

"Tunda ni na ɓata bangon," in ji Mai Waya, "a bar ni in rufe ramin, kada ya zauna haka."

"Ai na datse wayar," Injiniya ya ce da alfahari.

"Ba komai. Nakan bar rara a ciki."

Ya lanƙwasa ɗan ƙarfe, ya zura a ramin da ke gefen kujerar Baba, ya juya sau biyu, ya jawo. Waya ta biyo, kamu guda, lafiya lau. Ya haɗa ta da ɗan akwatin katakon, ya ɗora shi a kan teburin shayin Baba, ya koma bayan talabijin ya haɗa ɗaya bakin da layin magana. Ya dawo ya murɗa maɓallin kaɗan.

"Ji wani akwatin sabulu a kusa da kayan arziki," in ji Yaya.

Ya fara tattara kayansa. Agogon bango ya buga huɗu.

*

Baba ya ɗauki rimot ya mayar tashar labarai, don ko sarki ne baƙonsa ba ya fashin labaran huɗu. Ya sauke tabarau, ya zuba wa bakin mai karantawa ido kamar kullum.

Sai Auta ta ga hannunsa ya tsaya a kan kofin shayi.

Bai kai baki ba, bai ajiye ba.

A hankali ya ɗauke ido daga talabijin, ya dubi taga. Mai labarai tana ta magana, Baba yana kallon taga, kansa ya ɗan karkata dama.

"Wai ruwa za a yi gobe," ya ce. "Makon jiya ma haka suka ce, muka kwashe shanya a banza."

Mama ta juyo da sauri. Rabon da Baba ya tanka wa talabijin, ita kanta ta manta.

Injiniya ya miƙe. "Baba, bari in ɗauke wannan ƙazantar, tana ɓata tsarin." Ya kai hannu.

Tafin Baba ya sauka a kan akwatin.

"Bar ta."

Ya dubi akwatin, ya bi wayar da ido har bango, ya dubi hannun kujerarsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga kai. Mai Waya ya kai bakin ƙofa, jaka a kafaɗa.

"Kai. Zo nan."

Ya dawo. Hanyar hagu ce a buɗe, taku uku. Bai bi ta nan ba. Ya zagaya bayan kujerar, ya raɓa tsakanin tebur da bango, ya durƙusa ta dama.

Baba ya sunkuyo don ya yi masa raɗa. Sai dai raɗar Baba, tun da kunnen ya tafi, har kicin ake jin ta.

"Tun ana gini ta nan kake zagayowa. Na ɗauka dace ne kawai."

Mai Waya bai ɗago ba.

"Ka iya ƙirge?"

"Na ɗan iya, Baba."

"To me ya sa ka bari suka yi maka dariya?"

"Dariya ba ta kisa, ranka ya daɗe."

Baba ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar, sai ya juya ga baƙinsa, da muryar da ya saba tsayar da ɗalibai dubu a filin makaranta.

"Abokina, shekara huɗu ke nan kunnena na hagu a mace yake. Na ɓoye, iyalina suka taya ni ɓoyewa. Yaron nan ya gano tun bangon nan yana bulo, ya binne min magani a ciki, yau kuma ya zaɓi a kira shi jahili da ya tona ni." Ya nuna Injiniya da haɓa. "Ɗanka kuwa wata takwas yana zama a haguna yana zuba. Ko kalma ɗaya ban taɓa ji ba. Da na ga aikinsa na yau, ina ganin rahama aka yi min."

Kawun ya yi tari ya ɓoye fuska a kofi. Injiniya ya ɗauki agogonsa daga tebur, ya kasa ɗaura shi.

"Kun zo jin magana ɗaya, ga ta. Ban bayar ba. Kayan sautinku in kuna so a kwance muku, ga mai kwancewa nan, ya iya." Ya dafa kafaɗar Mai Waya. "Kai kuma kana da manya?"

"Ina da su, Baba."

"Su zo. Ka gaya musu su zauna ta dama."

Auta ta zame ta zauna a ƙasa, kuka da dariya suka haɗe mata wuri guda.

Mama ta miƙe, mayafinta ya zame, ta tako har gefen kujerar tana huci.

"Wallahi ba da ni ba! Ɗan haƙa bango? A gidan nan? Ka saurare ni da kyau, in har ka yarda aka..."

Baba ya gyara zama. Ya ɗan ƙara murɗa maɓallin akwatin, ya kurɓi shayinsa da ya huce, sannan a hankali, cikin natsuwa, ya juya mata kunnen hagu.